Wata tara ana renon Duna: nazarin yadda wani gida a bayan garin Zariya ya yi fama da ɗan kwikwiyo

Asalin lamarin

Gidan yana ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka tsiro a bayan garin Zariya, irin waɗanda za ka ga gida ɗaya an gama, biyu kango, sai gonar masara a tsakani. Maigidan malamin makarantar sakandare ne. Matarsa ɗaya, 'ya'yansa huɗu, babban namiji ne ɗan shekara 14, autar kuma 'yar shekara 3. Akwai almajirin da ke yi musu aike da shara. A damina ɗaya aka haura musu katanga sau biyu, karon farko aka ɗauke tunkiya, na biyu aka kwance batirin sola. Daga nan maigidan ya ce kare zai nema.

Uwargida ba ta so ba. Da ta ga ya dage, sai ta kafa sharuɗɗanta: ba zai shiga ɗaki ba, ba zai taka barandar da ake sallah ba, kwanonsa kuma daban. Maigidan ya tambayi limamin unguwa, shi kuma ya gaya masa abin da aka sani, cewa ajiye kare don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ya halatta, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida idan buƙata ta kama, sannan ƙwaryar da ya sa baki a ciki a wanke ta sau bakwai.

Ni maƙwabcinsu ne, aikina duba shanu da awaki da kaji. A unguwa "Dakta" ake ce mini, alhali malamin dabbobi ne kawai. Abin da ke ƙasa na ɗauko shi daga littafin da nake rubuta ranakun allura da nauyin dabbobi.

9 zuwa 23 ga Nuwamba: madara, gudawa da kukan dare

Ranar 9 ga Nuwamba maigidan ya dawo daga wani ƙauye ta hanyar Giwa da kwali ɗaure a bayan babur. Wani mafarauci ne ya ba shi kwikwiyo biyu 'yan uwa ɗaya, namiji baƙi da mace ja. Mako biyar ke nan da haihuwarsu. Namijin ya auna kilo 1.4, macen 1.1. Yara suka sa wa namijin Duna. Macen ba ta daɗe ba har suna ya kama ta.

Kwana uku na farko madarar gari aka riƙa dama musu da sukari, wani lokaci koko, da dare kuma ƙanzon tuwo da ragowar miya. A kwana na biyu gudawa ta tsinke. Da dare kuma kuka, babu ƙaƙƙautawa, don an ajiye kwalin a zaure kan siminti, hunturu kuwa ya fara shigowa. Kwikwiyo ɗan mako biyar bai iya riƙe ɗumin jikinsa sosai, a jikin uwa da 'yan uwansa yake samu.

Rana ta huɗu aka kira ni. Na tarar da cikinsu ya kumbura kamar tulu, haƙarƙari a waje, gashi a tsaitsaye, dasashi ya yi fari-fari. A cikin kashin macen na ga tsutsa biyu dogaye farare, kamar taliya. Wannan tsutsar ba a ƙasa kaɗai suke ɗaukarta ba, tun a mahaifa take shigarsu, ta kuma biyo nono, shi ya sa da wuya ka samu kwikwiyon ƙauye da ba ya ɗauke da ita. Ƙwayayenta da ke cikin kashi suna iya shiga yaron da ke wasa da ƙasa, don haka na ce a riƙa kwashe kashin kullum, a kuma riƙa wanke wa autar hannu.

Na ce a tsayar da madara. Uwargida ta ce, "Dakta, jarirai ne fa, me za su sha in ba madara ba?" Na yi mata bayani cewa madarar shanu ta fi nonon karya yawan sukarin madara, ta kuma gaza shi mai da furotin, sukarin da hanji ya kasa narkarwa shi ke jawo ruwa ya zama zawo. Miyar ma aka hana. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare ko da an dafa su, ga gishiri da barkono.

Abin da aka koma ba su shi ne fate mai laushi na garin masara ko shinkafa, a dafa da ƙananan busassun kifi da aka daka lukui har da ƙayarsu, a fasa dafaffen ƙwai ɗaya a raba musu. Sau huɗu a rana: bayan asuba, da hantsi, bayan la'asar, da kuma bayan isha. Dalilin daka kifin da ƙayarsa shi ne kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Hatsi da tsokar nama zalla ba su da isasshensa, kwikwiyon da ya tashi a kansu kuma shi ne wanda za ka gani da ƙafafu a gwame. Na ba su maganin tsutsa na firantel daidai nauyin kowanne, na sake bayan mako biyu. Kwalin aka ɗaga shi kan katako, aka shimfiɗa tsohon buhu da tsumma, da dare a cika gorar roba da ruwan ɗumi a naɗe ta a zane a sa musu.

Gudawar ta tsaya cikin kwana uku. Kukan dare ya ragu, bai ƙare ba. Ranar 23 ga wata Duna ya kai kilo 2, macen 1.7.

A ranar ce na ce lokacin allurar rigakafi ta farko ya yi. Ƙa'ida ita ce a fara tsakanin mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan mako 3 ko 4 har su kai mako 16, kafin nan kuma kada su taka ƙasar waje. Maigidan ya ce, "To Dakta, a bari wata ya mutu, albashi ya shigo." Wata ya mutu, albashi ya shigo, kuɗin makaranta da buhun masara suka riga allura.

6 zuwa 17 ga Disamba: cutar amai da zawon jini

Ranar 6 ga Disamba yara suka fita da su filin bayan gida, inda ake zubar da shara, karnukan da ba su da mai su kuma suke kwana. Wasan bai wuce awa ɗaya ba.

Ranar 11 macen ta ƙi cin abinci. Da yamma ta fara amai, farin kumfa. Washegari zawo ya biyo, ruwa-ruwa da jini, da wani irin ƙarni wanda duk wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa. Ina ƙauye wajen allurar shanu a lokacin. Abin da aka yi kafin in dawo shi ne abin da ake yi a gidaje da yawa: aka ɗura mata manja, aka fasa kafso aka zuba mata a ruwa, wani maƙwabci ya ce a ƙara da rabin farasitamol. Duk abin da aka ɗura, ta dawo da shi. Da asubahin 13 ga wata aka tarar ta mutu a cikin kwalin, Duna yana kwance a gefenta, shi ma ya fara amai.

Na dawo da hantsi. Na ɗaga fatar wuyansa na saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ido ya faɗa, dasashi ya bushe yana danƙo. Na ce wannan ya fi ƙarfina, a kai shi asibitin dabbobi yanzu. Likitan ya tabbatar da abin da nake tsoro, cutar da suke kira fabo. Bairas ce da aka fara ganewa a karnuka a 1978, tana cinye fatar cikin hanji, tana kuma karya fararen ƙwayoyin jini. Ta hanyar kashi take yaɗuwa, alamunta na fitowa galibi kwana 3 zuwa 7 bayan kamuwa, tana kuma iya zama a ƙasa watanni, har shekara. Babu kafson da ke kashe ta. Abin da ke kashe kwikwiyon shi ne ƙarewar ruwan jiki da ƙwayoyin cutar hanji da ke tsallakawa cikin jini, don haka aikin likita shi ne ya riƙe dabbar da ƙarin ruwa, da allurar tsayar da amai, da maganin ƙwayoyin cuta ta allura, har jiki ya yi nasa yaƙin. Farasitamol ɗin kuwa likitan ya yi faɗa a kansa, domin maganin ciwon jiki na mutane yana iya lalata hanta ko ƙodar ƙaramin kare.

Kwana huɗu Duna ya yi ana masa ƙarin ruwa. Rana ta uku ya lashi ruwan shinkafa bai yi amai ba. Ranar 17 aka sallamo shi, kilo 2.4, ya sauko daga 3.1. Kuɗin jinyar ya ninka na alluran da aka ɗage sau da yawa, maigidan da kansa ya faɗa yana lissafi a bakin ƙofa.

A gida aka ƙone kwalin da tsummokaran. Siminti da kwanoni aka wanke da bilic, awo ɗaya cikin awo 30 na ruwa, a bar shi minti goma kafin ɗauraya, don sabulu da sauran magungunan wanke ƙasa ba su cika kashe wannan bairas ba. Na kuma roƙi maƙwabcin da ke da karya mai ciki kada yaransa su shigo da takalmi su koma.

29 ga Disamba: haƙori a diddigen auta

Da ƙarfi ya dawo masa, sai cizo. Zane, silifa, gefen tabarma, yatsun yara, komai baki. Kwikwiyo yana koyon sassauta haƙori ne a wasa da 'yan uwansa: in ya ciji ɗan uwa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan. Duna an raba shi da uwarsa da wuri, 'yar uwar da ta rage masa kuma ta mutu. Yaran gidan kuwa in ya kama su sai su yi ihu su ruga, shi kuma a wurinsa wasa ya yi daɗi ke nan.

Ranar 29 ga wata ya bi autar da gudu ya kama diddigenta. Haƙorin ya ƙarje fata, bai kai ga jini ba. Uwargida ta so ta shafa man zafi ta bar shi. Babban yaron ya rugo ya kira ni. Muka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, ina duba agogo, yarinyar tana kuka, sannan aka kai ta asibiti.

Wasu a unguwa sun ce an cika zuzutawa, ɗan kwikwiyo ne fa. Amma ba a yi masa allurar haukan kare ba, ya kuma shiga cikin karnukan juji mako uku da suka wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar kare, kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka bayyana, sai dai a yi ta'aziyya. Aka yi wa yarinyar allura ranar 29 ga Disamba, da 1 da 5 ga Janairu, aka kuma tsare Duna kwana goma ana lura da shi. Ya cika kwanakin yana ci yana wasa, likitan yarinyar ya ce a dakatar da sauran alluran.

Ranar 10 ga Janairu, yana da mako 14, aka yi masa allurar haukan kare da ta haɗakar cututtuka, aka ba shi kati. Ta biyu ta haɗakar aka yi ranar 7 ga Fabrairu. Allurar haukan kare ba abin nema daga waje ba ce, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta. Abin lura shi ne a karɓa a wurin da ke ajiye ta a sanyi, don in ta sha rana ruwa kawai aka tsira wa kare.

Janairu: sarƙa, duhu da bulala

Tsarewar kwana goma ta zarce ta zama wata guda. Uwargida ta ce ba ta son ganinsa a tsakar gida, masu ba da shawara kuma suka yi yawa a majalisa. Wani ya ce a kulle shi a duhu kada ya saba da mutane, in ba haka ba zai riƙa kaɗa wa ɓarawo wutsiya. Wani ya ce a zuba masa barkono a abinci ya yi zafin rai. Wani ya ce a yanke masa kunne. Maigidan bai yarda da barkono da yankan kunne ba, amma ya ɗauki sarƙa da duhu. Aka ɗaure Duna a cikin ɗakin ajiyar gawayi da sarƙa mai tsawon mita ɗaya da rabi, dare da rana. In ya yi kashi a wurin, almajiri ya dangwara hancinsa a kai ya zane shi da tsumagiya. Abinci ya koma sau biyu, wani lokacin sau ɗaya in an manta.

Na shiga ganinsa ranar 28 ga Janairu. Da ya ji tafiyata sai ya lafe a lungu, ya saki fitsari. Sarƙar ta cinye gashin wuyansa. Da babban yaron ya miƙa hannu zai ɗauki kwano, ya yi gurnani ya yage baki, abin da bai taɓa yi ba. Nauyinsa kilo 5.2. Yini yake yana haushi har murya ta dushe, da dare kuma barci, lokacin da ake buƙatarsa. Kashin ma bai daina yi a wurin kwanansa ba, sai dai ya koyi ya jira sai ba kowa.

Na ce wa maigidan, "Malam, ko dai a canza hanya, ko a mayar wa mafaraucin abinsa." Ya yi shiru, sannan ya ce a gwada wata ɗaya.

Fabrairu zuwa Afrilu: jadawali a jikin ƙofar kicin

Aka kewaye wuri da waya ƙarƙashin darbejiya, mita 2 da mita 3, da rumfar kwano da katakon kwanciya. Sarƙa ta tafi. Babban yaron aka damƙa wa aikin, uban yana sa ido, aka rubuta lokuta a takarda aka manna a ƙofar kicin. Abinci sau uku, ƙarfe 6:30 na safe, 1:30 na rana, 7 na yamma. Kwano ya yi minti 15 a ɗauke, ruwa kuwa kullum yana nan. Da farkawarsa, da kuma minti goma zuwa ashirin bayan cin abinci, a kai shi kusurwar bayan gida inda aka zuba yashi, a tsaya shiru har ya yi, yana gamawa a ba shi ɗan guntun busasshen kifi nan take. A kwana na tara ya fara zuwa kusurwar da kansa.

Horon kansa minti biyar ne, sau uku a rana, kafin abinci. Kalmomi uku kacal: "zo", "zauna", "bari". Yaron zai riƙe kifi a saman hancinsa ya ja baya kaɗan, kai ya ɗaga, gindi ya sauka, sai ya ce "zauna" ya ba shi. Wahalar ba ta wurin kare ta fito ba. Mutanen gida ne kowa da kalmarsa, wannan ya ce "kai", wancan ya ce "as", almajiri ya ɗaga takalmi. Sai da maigidan ya tara su bayan magariba ya ce duk wanda zai yi wa Duna magana da kalmomin nan uku zai yi, wanda kuma ya sake dukansa da shi zai yi.

Maganin cizo shi ne abin da 'yar uwarsa za ta yi masa da tana raye. Haƙori ya taɓa fata, wasa ya ƙare: a tsaya cak, a naɗe hannu, a juya baya, a fita. Ba ihu, ba gudu. Lokacin yana famfarar haƙori, na nono 28 suna zubewa, na girma 42 suna fitowa, dasashi na ƙaiƙayi, sai aka ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla ya riƙa tauna. Ƙashin kaza dafaffe aka hana, don yana tsagewa ya soki hanji. Autar kuwa ba a barinta da shi sai da babba a tsaye.

Gurnanin kan kwano ya fi komai ɗaukar lokaci. Yaron zai wuce daga nesa yana cin abinci, ya jefa masa kifi cikin kwanon, ya yi gaba. Kullum ana matsowa kaɗan. Sai a mako na shida ya iya tsayawa a gefensa, wutsiya tana kaɗawa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne baranda. Uwargida, wadda ba ta taɓa taɓa shi ba har yau, ita ta koya masa iyakarsa. Tana zaune tana tsince shinkafa, in ya ɗora ƙafa kan dakalin ta ce "bari", in ya ja baya ta sa yaro ya jefa masa wani abu. Cikin mako biyu ya san layin simintin nan kamar an gina katanga.

An yi asarar ɗan tsako ɗaya a watan Maris. Bayan haka aka riƙa zagayawa da Duna da igiya kusa da akurki, ana ba shi lada duk lokacin da ya kalli kaji ya kau da kai. Ranar 30 ga Afrilu ya auna kilo 11.5, aka mayar da abinci sau biyu, aka fara sakinsa a tsakar gida daga ƙarfe 10 na dare zuwa kiran assalatu.

4 ga Yuni: fiya-fiya

Da ruwa ya sauka kaska ta yi masa caa a kunnuwa da tsakanin yatsu. Almajirin, da kyakkyawar niyya, ya tsiyaya fiya-fiya a bokitin ruwa ya wanke shi. Ba a yi awa ɗaya ba yawu ya fara dalala, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, ga amai da zawo. Wannan karon ba wanda ya nemi manja. Babban yaron ya sa leda a hannu ya wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, uban ya ɗauke shi a babur. Aka yi masa allurar atrofin, makarin irin wannan guba, ya kwana ɗaya ya dawo.

Ranar aka bi gidan lungu-lungu. Maganin ɓera da ke bayan buhunan masara aka kwashe, kwalbar fiya-fiya ta koma saman sif, goron kaka da take bari a faranti in ta zo ziyara aka ce a riƙa rufewa, don sinadaran da ke wartsake mai cin goro suna bugar zuciyar kare. Maganin kaska kuma sai wanda aka yi don karnuka, daidai nauyi, daga hannun likita.

Farkon Agusta: inda aka tsaya, da abin da na gani

Duna yana da wata goma, kilo 15, ƙafafu a miƙe. Yana zuwa in an kira, yana zama, yana sakin abu in an ce "bari". Tun Afrilu bai sa wa kowa haƙori ba. Da dare yana haushi in an taɓa ƙofa ko an tsaya jikin katanga, yana kuma yin shiru in maigidan ya fito ya yi magana. Ba a sake haura gidan ba, kodayake a tsakanin an ƙara tsayin katanga, maƙwabta biyu kuma sun tare, don haka ba zan ba kare ladan duka ba.

A ganina mako ukun da aka rage masa a wurin uwarsa su suka haifar da rabin wahalar. Da an bar su sun kai mako takwas, da sun zo suna cin abinci sosai, da kukan dare da cizon ba su kai haka ba. Mutuwar macen kuwa ɗage allura ce da fita juji, abubuwa biyu da suka haɗu a mako ɗaya. A nan ina da nawa laifin: na faɗa sau ɗaya na yi shiru don kada a ce ina neman ciniki, ban kuma gaya wa yaran da bakina kada su fita da su ba, alhali su ke ɗaukarsu.

Sarƙa da duhu sun gaza ne don an ɗauka tsoro da tsaro abu ɗaya ne. Kare mai tsoro kowa yake ciza, ya fi kuma samun na gida, don su ke kusa. Haushin gadi da maigidan yake nema ya zo da kansa wajen wata bakwai zuwa takwas, lokacin da kare ke fara kishin wurinsa, ya kuma yi amfani ne don Duna ya riga ya san su wa ke na gida. Jadawalin ya yi aiki saboda ya cire mantuwa da saɓanin baki, ba don wata dabara da ke cikin takardar ba.

Akwai abin da bai gyaru ba. Makonnin da kwikwiyo ke sabawa da duniya, daga na 3 zuwa wajen na 14, Duna ya cinye su a jinya da tsarewa. Har yanzu in baƙo ya shigo riƙe da sanda sai ya ja baya yana gurnani, ƙarar babur ɗin da ba na gidan ba kuma tana haukata shi. Almajirin ma bai gama yarda da shi ba. Yanzu shi aka ba aikin kai abincin dare, ko a shirya. Allurar haukan kare ta gaba tana rubuce a katin, watan Janairu, uwargida kuma ta karɓi katin ta ajiye tare da na rigakafin autarta.